Tsohon Tela da Ƙuri'ar Tabarau

"Lafiya lau, amaryata. Kin sake zuwa da bironki ki ƙirga ni kamar akuya?"

Tsohon tela ne ke yi wa jikarsa tsiya, ƙafarsa na kan keken ɗinki. Wata ƙungiyar agaji ce ke son ta gane ko tabarau na ƙara wa tsofaffin teloli yawan aiki. Aka jefa ƙuri'a, rabi suka samu, rabi za su jira wata shida a kwatanta. Jikar aka ɗauka tana bin shaguna tana rubuta ɗinkin kowa. Shi kuwa ƙuri'a ta tsallake shi, abin ya tsaya masa a rai.

"Wa zai sayi akuya ba haƙori? Riguna nawa wannan makon, angona?"

"Goma sha tara."

"Kai! Da can bakwai kake yi da ƙyar."

"Da can ba a raina ni ba. Mai sanƙon shagon can ya maƙala gilashi yana leƙo ni kamar mujiya. Wallahi sai na wuce shi, ko da lalube!"

"Kai da ba ka ganin ƙofar shago, wa ke nemo maka kafar allura?"

"Kakarki na bayan labule, ita ke zura mini zare."

Jikar ta ajiye biro. "To ka ji. In kuka wuce masu tabarau, ƙungiya za ta ce ba shi da amfani. A rufe shirin, kai da sauran masu jira ku tashi a tutar babu."

"Wato in yi ha'inci in rage?"

"A'a. Ka yi aikinka yadda ka saba, ka sallami Kaka ta huta."

"Ni idona garau yake, 'yar baƙin ciki! Ungo, riga ta sha taran taki ce. Sa ki kai wa shugabanninki shaida."

Ta zura kai, ta zura hannun dama. Na hagu ya ƙi fita, ashe ya ɗinke bakinsa ruf.

Kaka ta tuntsire da dariya a bayan labule. Tsoho ya shafa hannun rigar, shi ma ya ƙyalƙyale har da hawaye.

"Na ji, na koma bakwai ɗina. Ran rabo na biyu ni ne a gaban layi." Ya juya wajen labule. "Tsohuwa, miƙo sauran sha takwas ɗin mu duba kafin masu su su iso."