Gashin Belbela a Wuyan Ɓauna

A wani daji mai dogayen ciyayi da tafki ɗaya, akwai garken ɓauna da matansa suka kafa majalisa. Asalin abin, wata shekara fararen shanu suka ratsa dajin, mazan garken suka bi su da kallo har suka ƙule. Tun daga ranar matan suka gano wani kududdufin farar ƙasa, kowace safiya sai sun yi birgima a ciki. Ƙasar tana cin fata, tana barin gyambo a gwiwa, amma ba mai faɗi. Majalisa ta yi doka: mai haske ita ke shan ruwa da fari, baƙa ta sha abin da ƙafafu suka dama. Da gashin belbela ake awo, a kara shi a wuyan kowace.

Tasalla ce mai riƙe gashin. Shekara bakwai tana birgima kafin ta kai wannan matsayi, har an manta yadda aka haife ta. Ita kam ba ta manta ba, domin kullum tana ganinsa a jikin 'yarta ta fari, Hakama, baƙa wuluk, wadda ta ƙi kusantar kududdufin.

Ran nan majalisa ta kira Hakama. Gwamma, uwar garke, ta yi gyaran murya.

"Jama'a, mu ba ma nuna bambanci. Duk ɓauna ɓauna ce, har wadda Allah bai yi wa haske ba. Sai dai yarinyar nan ta sha ruwa a sahun gaba, alhali baƙi daga wani garke suna kallo. Me za su ce da mu? Tasalla, albasa ba ta yi halin ruwa ba. Auna ta."

Tasalla ta ɗauki gashin da baki, ta matso. Ta kara shi a wuyan da ta lasa ranar haihuwa. Fari ya kwanta kan baƙi, aka yi ta ƙus-ƙus.

Hakama ta russuna ta ce, "Ranki ya daɗe, ƙishi na ji, na sha. Kafin ku yanke hukunci ina da tambaya ɗaya, kuma ba ke zan yi wa ba. Inna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni dai ban roƙi wannan fata ba, ban kuma same ta a hanya ba. Ki faɗa musu wa na gado."

Gashin ya suɓuce daga bakin Tasalla. Ta dubi majalisa, idanu sun yi mata caa. Ta tuna shekara bakwai na raɗaɗi, ta tuna ɗanɗanon ruwan sahun baya.

"Dangin ubanta ne," in ji ta a hankali. "Mu a gidanmu ba mu da irin wannan."

Tsofaffin da suka san uwar Tasalla suka sunkuyar da kai, don kowace tana da nata abin rufewa. Hakama ta daɗe tana kallon uwarta. Ba ta yi kuka ba.

"To, Inna. Na ji."

Aka mayar da ita sahun ƙarshe. Kwana uku ta yi a can, rana ta huɗu ta haye kogi da wasu 'yan mata biyar irinta, ba ta yi sallama ba.

Gwamma ta yaba wa Tasalla a bainar jama'a, ta ce samun mai fifita gaskiya kan ɗiyar cikinta sai an tona. Aka ba ta wurin tsayawa dama da uwar garke. Ruwan nan garau ne, har kana ganin yashi, kuma da ta sunkuya sha sai ta ga fuskarta. Ta ɗago ba ta sha ba.

Da rana tsaka ta zame ta tafi kogi ita kaɗai. Ta shiga har wuya, ta goga jikinta da duwatsu har ya yi jini. Da ta fito ta duba, ba baƙi, ba fari, sai dabbare-dabbare kamar tsohuwar tukunya. Can tsallake ta hango Hakama tana kiwo, fatarta tana sheƙi a rana. Ta buɗe baki, sai ta tuna ba ta taɓa kiran sunan ba, don kunyar 'yar fari. Yanzu kuma wata kunyar ce ta riƙe mata harshe. Ta tsaya har inuwa ta karkata, sannan ta juya. A hanya ta biya ta kududdufi, domin ba ta iya shiga garke a haka.

Ƙarshen damina majalisa ta zauna, ta tabbatar ba a taɓa yin garke mai haske irin na bana ba, wai daga nesa ma ana hango su cikin ciyawa. Zaki bai halarci zaman ba, amma an ce shi ma ra'ayinsa ke nan.