Yadda Ake Yi Wa Ɗan Fari Magana Ta Kunnen Kyanwa

Kai magidanci, in ɗan farinka ya fara gashin baki, yana yi wa kowa a gida kallon ɗan leƙen asiri, kwantar da hankalinka. Dabarar nan ba ta taɓa ba da kunya ba. An gwada ta a kan mutum guda, Malam Dalhatu na Kurugu, kuma yana nan da ransa.

Dalhatu manomin gyaɗa ne. Tun ranar suna bai taɓa furta sunan ɗansa Lukman ba, saboda kunyar ɗan fari. "Kai" yake ce masa. Matarsa Saude ta fi shi, ita "wancan" take cewa. Yaro ya tashi ya yanke hukunci cewa ba a ƙaunarsa. In an ƙara masa nama a miya, sai ya tambayi abin da ake ƙulla masa. Har ya ɗaure kayansa a buhu, wai da an gama cire gyaɗa zai koma Rogo wurin kawunsa, ba dawowa. Abin yana cin Dalhatu a rai, amma bakinsa ya ƙi buɗuwa.

1. Samo 'yar kyanwa, ka yi kamar ba kai ba

Kada ka miƙa masa ita hannu da hannu, cewa zai yi an ɗaura mata na'ura. Dalhatu ajiye ta ya yi bayan rumbu, ya wuce yana tasbihi. Lukman ya ɗaga ta, ya leƙa kunnuwanta, ya ce, "Wa ya aiko ki?" Ta yi masa hamma. Ya ce, "Ke kaɗai ce a gidan nan ba ki yi min kwana-kwana ba."

2. Tsane ta a bainar jama'a

Duk abin da uba ya ƙi, saurayi zai rungume shi. Dalhatu ya daka tsawa, "A fitar min da wannan abar!" Kafin la'asar kyanwa ta samu filo, ta samu madara, ta samu suna: Hajiya.

3. Sauko a hankali, ka gaishe ta kamar surukarka

Al'ada ta hana ka hira da ɗan fari, amma babu dattijon da ya taɓa cewa kyanwa 'yar fari ce. Dalhatu ya durƙusa gabanta, yaron yana zaune a gefe.

"Hajiya, barka da hantsi. Ya gajiya? Ya kwanan uban ɗakin naki?"

Lukman ya ƙanƙance ido. "Hajiya, tambaye shi me yake nema a wurinki."

4. Jure bincike

Za a zarge ka, za a zargi kyanwar da karɓar cin hanci. Daure. Ba a jima ba Saude ma ta shigo layi: "Hajiya, gaya wa wancan tuwonsa yana hucewa." Gidan da aka daɗe ba a ji dariya ba ya koma fada, kowa yana kai ƙara gaban Hajiya, ita kuwa tana lasar ƙafa. Dalhatu yakan shafa bayanta ya ji sanyi a ransa, don yanzu nan hannun ɗansa ya bar wurin.

5. Ranar tafiya, kada ka dogara da kyanwa

Aka gama cire gyaɗa. Ɗan acaɓa ya ɗaure buhu a bayan babur, Lukman ya fito rungume da Hajiya. Dalhatu ya matso, ya dubi kyanwar.

"Hajiya, Allah ya kiyaye hanya. Amma ki sani, akwai wani mutum a gidan nan da in ya je gona shi kaɗai, yakan yi ta faɗa wa gyaɗa sunan mai ɗauke da ke, don kawai bakinsa ya ji daɗi."

"Hajiya, ce masa ban yarda ba. Wane sunan?"

Nan fa Hajiya ta hango ƙadangare. Ta dire, ta haye katanga, ta yi gaba. Dalhatu ya waiga neman akuya ko kaza ta riƙe muƙamin, babu. Ga shi, ga ɗansa.

"Lukmanu," ya ce.

Saude ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ruga madafi tana salati. "A gaban baƙo, Malam!"

Ɗan acaɓa ya ce, "Wai ana tafiyar nan kuwa?"

Lukman yana kwance buhunsa daga babur, idonsa jawur, bai ɗago ba. "Baba, sake faɗa, in ji ko haddacewa ka yi."

Gargaɗi

Ba ruwana in kyanwarka ta cinye 'yan tsakin maƙwabta, ko dattawa suka ce ka zubar da girmanka. Kuma kada ka zo min da ƙorafi in abin ya zame maka jaraba. Dalhatu ya kasa dainawa. Yanzu haka kawai sai ya ƙwala kiran sunan, yaron ya taho da gudu ya ce, "Ga ni, Baba," shi kuwa ya tsaya yana sosa ƙeya, don ba shi da aiken da zai ba shi.