Yadda Ake Dogaro Da Kai A Baje Kolin Bindigogi, Bisa Tsarin Harlan Stamper

Idan kana so mutanen gundumarku su riƙa nuna ka da baki suna cewa ga wanda ko duniya ta tashi ba zai nemi taimakon kowa ba, to ka zo inda ya dace. Shekara goma sha tara ina wasa wuƙaƙe a tebur na uku daga ƙofa, a duk baje kolin bindigogi da kayan shirin ko-ta-kwana da ake yi a yankinmu na Idaho, kuma ban ga wanda ya kai maƙwabcina Harlan Stamper ƙwarewa ba. Matakansa zan ba ka, yadda ya bi su wata Asabar a watan Yuli. Ka bi su daki-daki, na yi maka alkawari kafin la'asar kowa ya san sunanka.

1. Ka samu aiken da za ka yi wa ratse

Gwani ba ya cewa zai je baje koli, hanya ce take biyowa da shi. Ran nan ake walimar ritayar matar Harlan, Nadine, wadda ta yi shekara talatin da ɗaya tana tuƙa motar 'yan makaranta. Ƙarfe huɗu za a taru a zauren coci. Abu ɗaya ta roƙe shi: ya karɓo kek daga gidan burodi kafin su rufe da tsakar rana, ya wuce da shi kai tsaye firjin coci. An yi kek ɗin da siffar motarta, rawaya, har da tayoyi da tagogi. Harlan ya kwantar da shi a kujerar baya ta a-kori-kurarsa, ya ce a ransa minti goma kawai zai leƙa filin baje koli. Ka riƙe wannan da kyau: minti goman baje koli ba da agogo ake auna shi ba.

2. Motarka ta zama ganuwa

Kada ka zo da motar da ɓarawo zai iya buɗewa. Harlan ya manna wa gilasansa wata leda mai kauri wadda guduma ba ta fasawa, ya canza makullan ƙofa, ya sa na'urar da ke kulle komai da kanta da zarar an rufe. A ciki akwai igiya, gatari, tocila huɗu, matatar ruwa, da abincin gwangwani na wata biyu. Wayarsa kuwa kullum tana cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kujera, don kada gwamnati ta san inda yake. Gwamnati dai ba ta taɓa tambaya ba, amma wannan ma shaida ce cewa akwatin yana aiki.

3. Ka shiga kamar ba ka buƙatar komai

A ƙofa ɗan sanda zai karɓi bindigarka, ya cire harsashi, ya ɗaure mata kunama da zaren roba. Ka miƙa kana kallon nesa. A ciki kada ka yi tambaya, domin tambaya ta baƙi ce. Ka ɗaga kaya, ka juya shi, ka ce "hmm," ka ajiye. Haka Harlan ya yi wa murhun da ke aiki da hasken rana, ya gyara wa mai sayar da tantuna yadda ake ƙulla igiya, sannan ya tsaya a teburina ya koya mini wasa wuƙa, kamar yadda yake yi kowace shekara.

4. Ka san layin da ba ka bi

Kowane mai dogaro da kai yana da mutum ɗaya da ba ya yi wa magana. Na Harlan shi ne Dwight, ƙanin Nadine, mai kiwon zuma, wanda teburinsa ke layin ƙarshe da kwalaben zuma da kilishin barewa. Shekara uku da suka wuce ƙanƙara ta yanke wuta kwana biyar, janaretan Harlan ya ƙi tashi, ya kuma ƙi zuwa gidan Dwight inda murhun itace ke ci. Nadine ta kwashi bargonta ta tafi, shi ya zauna cikin riguna uku yana cin wake mai sanyi daga gwangwani. Dwight ya ba da labarin a cin abincin Kirsimeti, har da kwaikwayon karkarwar haƙora. Tun daga ranar Harlan bai sake ce masa uffan ba. Nadine kan ziyarci ƙaninta ita kaɗai. Don haka Harlan ya zagaya ta layin takalma.

5. Ka rufe ƙofa da ƙarfin gwiwa

Wajen ƙarfe biyu ya fito da bokiti biyu na busasshen abincin da aka ce zai shekara ashirin da biyar bai lalace ba. Ya buɗe mota, ya ajiye makullai a kan kujera don ya gyara wa bokitan zama, ya leƙa kek ya ga yana nan lafiya, ya tura ƙofa da gwiwa. Na'urar ta yi aikinta. Ƙit, ƙofofi huɗu.

Ya tsaya yana kallon makullansa ta cikin gilashi. Rana ta take, babu bishiya ko ɗaya a filin ajiye motocin, kuma tagogin motar kek sun fara hawaye.

6. Ka bar masana su taru

Ba sai ka kira su ba. Cikin ɗan lokaci mutum goma sha biyu sun kewaye motar, kowa da wuƙa a ƙugu. Na bar teburina na fito. Mai sayar da ƙarfen fasa gilashi ya buga sau shida, gilashin ko gezau, har Harlan ya ji wani ɗan alfahari duk da halin da yake ciki. Mai sayar da kayan buɗe kwaɗo ya ce shi sayarwa kawai yake yi. Wani dattijo mai gemu ya ba da shawarar a harbe makullin, ɗan sandan ƙofa ya juyo ya dube shi, ya ce da wasa yake. Na ce a kira Nadine a wayata. Harlan ya ce bai haddace lambarta ba, tana cikin wayarsa, wayar tana cikin akwati. Ko da ya haddace ma, tana wajen gyaran gashi, kuma ya fi son a ɗaure shi a bayan motar a ja shi da ya gaya mata.

Ƙarfe uku saura kwata rufin motar kek ya fara lotsawa. Harlan ya daina jin abin da masana ke faɗa. Ya tuna asubahin hunturu da Nadine ke fita tana kankare ƙanƙara daga gilashin motar makaranta, shekara talatin da ɗaya, ba ta taɓa makara ba. Shi kuma abu ɗaya tak aka ce ya yi.

7. Idan ta kama, ka bi layin ƙarshe

Ya cire hularsa ya koma ciki, ya bi ta gaban tantuna da takalma har teburin zuma. Dwight ya riga ya ji labari, domin a zauren nan labari ya fi harsashi sauri. Bai ɗago ba, yana ta jera kwalabe.

"Mijin Yaya," ya ce. "Zuma kake so ko kilishi?"

Harlan ya ce kek ɗin Nadine na cikin mota.

"Na ji. Ai na ɗauka kana da shiri."

"Ina da shi. Yana ciki." Harlan ya murɗa hular a hannunsa. "Ka taimake ni, Dwight."

Dwight ya dube shi jim, ya ga babu wasa a fuskarsa, sai ya haɗiye sauran tsokanar da ya tanada. Ya zaro tarin makullai daga aljihu, ya ware ɗaya mai jan zare. Ya ce tun makon da aka canza wa motar makullai Yaya ta ba shi, ta ce ya ajiye, ranarsa na zuwa. Da Harlan ya tambayi sauran biyun da ke jikin zaren, ya ce ɗaya na gidan Harlan ne, ɗaya kuma na ɗakin ɓuyansa na ƙarƙashin ƙasa, wanda Harlan ya yi imani babu mahalukin da ya san da shi.

8. Ka isa a kan lokaci

Sun fito da kek ɗin gabansa ya nutse, taya ɗaya ta zame. Dwight ya sa shi cikin sanyin akwatin kilishinsa na ɗan lokaci, suka tallafe rufin da tsinken ɗanɗana zuma, Harlan ya shafe gefen da wuƙar da na wasa masa. Wani malamin makaranta ya karɓi tsaron teburin zuma. Huɗu saura minti biyar suka shiga zauren coci, kowa riƙe da gefe ɗaya na faranti, suna gardamar wanda ke karkatar da shi.

Nadine ta juyo. Ta daɗe tana kallon mijinta da ƙaninta kafin ta sauke ido kan kek ɗin. Ta sa yatsa ta share gefen ido.

"Shekara talatin da ɗaya ban taɓa yin haɗari ba," ta ce. "Sai yau da na ba maza biyu tuƙi."

Aka cinye shi tas, har tsinken sai da aka lashe.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu wasa wuƙa ce sana'arsa. Ba ruwansa da narkakken kek, ko gilashin da ya ƙi fashewa, ko abin da za a faɗa a kanka a Kirsimetin bana. Kafin ka gwada, ka bincika ko matarka ta ajiye makulli a wajen wani. Idan ta ce ba ta ajiye ba, kada ka yarda, ka dai fara gaisawa da danginta.