Mayaƙan Kabi Masu Jan Siket

A makarantar ɗiyata Nana aka ce kowa ya kawo mayaƙan Kabi na zamanin da, na laka, da fenti. Don kada ta ji kunya, na ari wayar maigidana na nemi hoton sojojin da. Na farkon da ya fito na riƙe, ban tambayi kowa ba. Babu abin da ya wuce ni: jan siket iya gwiwa, hular ƙarfe mai tsintsiya a bisa. Haka na yi musu, ina ta yaba kaina.

Surukina ya zo daga Mungadi, ya daɗe yana kallonsu, ya ce, "Ɗiyata, kakanninmu da siket sunka tai yaƙi?"

Ashe sojojin Rum ne. Nana ta ƙi kai su makaranta. Har yau in an yi baƙi, maigidan sai ya jera su a tabarma ya ce, "Ku gaida kakannin Maman Nana."