Rasuwar Dogo, Injin Iskar Gidan Jelani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta gama komawa mazauninta ba, ni Alhaji Abdulrazak Jelani, mai sayar da yadi a babbar kasuwar Sakkwato, a madadin iyalanmu da ke Gidan Dahala, nake sanar da dangi da abokan arziki rasuwar injin iskarmu mai ba da wutar lantarki, wanda unguwa ta fi sani da Dogo. Ya cika ranar Larabar da ta gabata, bayan la'asar, a bakin aikinsa, cikin hadarin farko na daminar bana. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya zo gidanmu shekara takwas da suka wuce, cikin akwatin katako. Injiniya Mu'az, wanda ya kawo shi, shi ya ɗora shi a kan dogon bututun ƙarfe a bayan gida, ya ɗaure bututun da igiyoyin ƙarfe huɗu. Fukafukansa uku ne, farare, kowane ya fi tsawon hannun mutum, yana kuma da wutsiya mai juya masa fuska zuwa inda iska take. Duk wanda ya ɓata a unguwar nan, da shi ake yi masa kwatance.

Ba mu ɗauko shi don ado ba. Mahaifiyata, Hajiya Hauwa'u, wadda muke kira Inna, tana fama da ciwon huhu. Numfashinta ya dogara da wata na'ura da ke tace iska tana ba ta oksijin ta siririyar roba a hanci, na'urar kuwa ba ta san uzuri ba, wuta take so dare da rana. Wutar gari ba abin jingina rai ba ce. Saboda haka aikin Dogo ɗaya ne: ya cika batura, batura su riƙe na'ura, na'ura ta riƙe Inna.

Akwai maganar da aka daɗe ana yi a kansa, ya kamata a wanke shi daga gare ta yau da ba ya iya kare kansa. A jikinsa an rubuta wat dubu ɗaya da ɗari biyar. Masu zolaya sun sha cewa ƙarya ce, domin sun leƙa allon inbatarmu, na'urar da ke juya wutar batura ta zama ta gida, sun ga wat ɗari biyu, wani lokaci hamsin, wani lokaci babu ko ɗaya. Gaskiya ne, in aka haɗa shekara gaba ɗaya, abin da yake bayarwa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta ba. Amma Mu'az ya faɗa mini tun ranar farko cewa wancan adadi na lokacin da iska ta kai wani ƙarfi ne, kuma ko manyan gonakin iska na ƙasashen waje, masu injuna da suka fi hasumiyar masallaci tsawo, akasarinsu kashi talatin zuwa arba'in cikin ɗari suke bayarwa. Dogo bai taɓa ɓoye abin da ya samu ba. Iska ta ba shi kaɗan, ya miƙo kaɗan. Ta hana shi, ya tsaya cik yana kallon gari, ba ƙorafi.

Za mu riƙa tuna muryarsa. In iska ta yi sanyi yakan ce fur, fur, fur, kamar mai sheƙar gero a nesa. In ta ƙaru sai ya koma wuuu, mai tsawo. Inna takan ce da wannan sautin take gane ko za ta yi barci da kwanciyar hankali.

Ba kowa ne ya so shi ba. Maƙwabcinmu na bayan katanga, Malam Gidaɗo, tsohon ma'aikacin kotu, ya ƙi jininsa tun daga tushe. Ya ce ƙararsa na hana shi karatu, ya ce wata rana zai faɗo masa a kan iyali. Har gaban mai unguwa muka je. Tun daga nan gaisuwarmu ta koma ta ɗaga hannu daga nesa. Na ambaci wannan ne domin abin da ya biyo baya.

Ga yadda ajalinsa ya zo. Taransifomar unguwa ta ƙone tun kafin azahar ɗin wata Juma'a, aka yi makonni ba a gyara ba. Janareton gidanmu ya riga Dogo barin duniya tun bara. Sai kuma aka shiga irin kwanakin nan na gab da damina, zafi kamar a cikin tanda, ko ganye ba ya motsi, sama ta lulluɓe da gajimare mai kauri wanda ya hana farantan solarmu biyu samun rana. Baturan sun tsufa. Muka kashe firij, muka kashe fanka, muka bar na'urar Inna ita kaɗai. Duk da haka, ranar Laraba da hantsi, allon inbata ya nuna ja. Tukunyar oksijin da muke ajiyewa don irin wannan rana ta ƙare tun ranar Talata, don haka matata Khaula ta ɗauke ta a keke mai ƙafa uku zuwa wani shago a Sama Road domin a cika. Ta tarar da layi. Fita da Inna zuwa asibiti ba tare da tukunyar ba kuwa ba abu ne mai yiwuwa ba, ba za ta kai bakin titi ba.

Ina idar da sallar la'asar inbata ta fara kuka, tit, tit, tit, alamar wuta na gab da yankewa. Na fita tsakar gida na ɗaga kai. Dogo na tsaye, bai ko motsa ba. Sai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin.

Iskar ba ta yi sallama ba. Ta kwashe tabarmi da kwanukan da ke tsakar gida, ta buga ƙofar zaure. Dogo ya juya fuska, ya ce fur, fur, sannan wuuu, sannan ya shiga wata murya da ban taɓa jin ta ba, kamar jirgi zai tashi. Na ruga wurin allo. Kukan inbata ya tsaya. Lamba na hawa: ɗari takwas, dubu, dubu da ɗari biyar. Ya wuce nan ma. Bututun da ke ɗauke da shi kuwa yana lanƙwasa yana dawowa kamar karan dawa.

Na kira Mu'az a waya. Da ƙyar nake jin sa.

"Alhaji, wagga iska ta fi ƙarfinai," ya ce. "In kad danna birkin tsai da shi yanzu, wayoyin cikinai za su ƙone, ya tafi ke nan. In kab bar shi, ban iya yi maka alkawarin fiffike ba ya tsinkewa."

"Baturan fa? Sun ɗauki abin da za ya riƙe Inna?"

"Ba su ɗauka ba tukuna. Tsofaffi na. In kat tsai da shi, ba su daɗewa."

Ban ajiye wayar ba sai ga Malam Gidaɗo ya faɗo cikin gida ba hula, ba sallama, ruwa na zuba daga gemunsa.

"Alhaji, tsai da abinga! Mi kaka jira? Fauziyya na ɗaki da jinjiri, ɗakin na ƙarƙashinai!"

Fauziyya ɗiyarsa ce, ta zo wankan jego, ko suna ba a daɗe da yi ba. Hannuna na kan makunnin birkin. Na san gaskiyarsa. Na kuma san tawa.

"Malam," na ce, "shigo ka gani."

Na ɗaga labulen ɗakin Inna. Tana jingine da matasai, robar na hancinta, ƙirjinta na hawa da sauka da ƙyar, leɓɓanta sun fara canza launi saboda tsoro da zafi. Ta dube shi, ta ɗaga yatsu biyu alamar gaisuwa, domin magana na cin numfashi. Malam Gidaɗo ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi na'urar, ya bi wayarta da ido har zuwa bango. Bai taɓa shigowa ɗakin nan ba.

"Ba ku da tukunyar oksijin?" ya tambaya.

"Tana hanya. Khaula ta ce an cika, ruwa ya tsai da su."

Ya sake duban Inna. Sama na ta ruri.

"Kak ka taɓa birkin," ya ce. "Buɗe muna zaure."

Ya fita a guje. Kafin in gama jan ƙofar, ga shi ya dawo da matarsa da Fauziyya, jinjirin na ƙirjinsa cikin babbar rigarsa. Suka zauna a zaurenmu, jiƙe sharkaf. Ba su gama zama ba muka ji tas, kamar harbin bindiga. Ɗaya daga cikin igiyoyin ƙarfen ta tsinke, bututun ya karkata wajen gidansa.

Igiyar rijiyarmu muka ɗauka. Ni na zarga ta a jikin bututun iya inda hannuna ya kai, shi ya zagaya da ɗaya bakin a gindin darbejiyar bayan gida, muka ja tare. Dattijo ne, ya ba saba'in baya, amma bai saki ba. Walƙiya na haskawa, muna riƙe da igiyar da ke ɗaure da ƙarfe mafi tsawo a unguwa, mu duka mun san abin da hakan ke nufi. Igiyar ta yanka mini tafin hannu. A samanmu Dogo na kururuwa, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ina jin Malam yana maimaita hasbunallahu, ina amsawa.

Sai muryar Khaula daga cikin gida: "Alhaji! Ta iso! Mun ɗaura mata!"

Ashe da ruwa ya cika hanya mai keken ya ƙi wucewa, ita da shi suka tallabo tukunyar a ƙafa daga bakin titi. Muka ƙulle igiyar a jikin itacen. Na shiga, na ga Inna na jan numfashi daga tukunya, na ga launin bakinta na dawowa. Sannan na je wurin makunnin, na yi bisimilla, na danna.

Dogo ya yi wani gurnani mai zurfi, grrr, wanda na ji shi har cikin haƙorana. Warin ƙonannen waya ya sauko duk da ruwan sama. Kafin ya gama tsayawa, fiffike ɗaya ya ɓalle, ya yi sama, ya sauko ta bayan katanga. Da ruwa ya tsagaita muka zagaya. Ya fasa kwanon ɗakin Fauziyya, ya tsaga silin, ya kafe a tsakiyar katifa, daidai inda zanen jinjirin yake shimfiɗe. Malam Gidaɗo ya daɗe yana kallo. Ya zauna a bakin gadon. Ni ma na zauna a ƙasa. Muna nan har aka kira magariba.

Mu'az ya hau washegari ya duba, ya sauko yana girgiza kai. Ya ce cikinsa ya zama gawayi.

Marigayin ya bar batura huɗu, dukansu marasa lafiya, da inbata ɗaya wadda ba ta daina kuka ba, da farantan sola biyu da nauyin gida ya koma kansu tun ba su kai ba. Ya bar Inna da ranta. A yanzu tana gidan ƙanwata a kusa da Hubbare, inda layinsu ke da wuta, har mu ga abin da Allah zai yi. Ya kuma bar jinjirin Fauziyya, Sa'ad, wanda bai san an yi ba.

Iyalan suna godiya ga mai keken da ba mu samu sunansa ba. In wannan sanarwa ta kai gare shi, ya zo, Inna na son ganinsa.

Za a sauke gawar gobe Asabar bayan sallar la'asar, a bayan gidan Jelani da ke Gidan Dahala. Ba za a yi masa salla ba, domin ƙarfe ne, addu'a dai a yi wa masu rai. Injiniya Mu'az zai jagoranci saukarwar, Malam Gidaɗo ya ba da izinin a shiga ta gidansa. Masu niyyar kawo abin sadaka su kawo kwanon rufi da ƙusa. Ana roƙon mata da tsofaffi su tsaya daga bakin layi, ana kuma buƙatar maza masu ƙarfi da igiyoyi masu kauri, domin har yanzu marigayin na can sama a karkace, igiyar rijiya ce kawai ke riƙe da shi ta ɓangaren yamma, kuma ta fara saɓulewa. Duk wanda ya ga hadari ya haɗo a gabas kafin lokacin, kada ya jira la'asar. Ya ɗauko igiyarsa ya taho.