Tankin Samnu da Dabinon Alhaji

Ina sabon zuwa gonar Alhaji a garin Samnu, can ƙetaren Sahara, ya bar mini cika tankin ruwa. Dabinonsa na shekara yana shanye a gindin tankin.

Cikin awa ɗaya ruwa ya kai rabin tsayi. Na ce wa Iliya, abokin aikina, "Saura awa guda. Ɗora shayi."

"Ɗan'uwa, tankin nan fa ya tsuke daga sama."

"Ni da na ƙetare Sahara za ka koya wa ruwa?"

Muna kan kofi na biyu ruwa ya ambaliyo, ya jiƙa dabinon sharkaf.

Alhaji bai kore ni ba. Ya dai ce, "Sannu, injiniya."

Yanzu duk mun yi furfura. Amma ko buta na ɗauka zan cika, sai Iliya ya tambaye ni saura minti nawa.