Filastar Ramatu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na raka matata Ramatu asibiti a unguwar Maamobi ba, kuma na gwada mantawar.

A shekarar ne al'adarta ta fara ɗaukewa. Zafi yakan taso mata ba zato, ta jiƙe sharkaf ko a gaban fanka. Likita ta ba ta zaɓi tsakanin ƙwayoyi, man shafawa, da wata 'yar filasta da ake mannawa a fata, ana canzawa sau biyu a mako. Ta ɗauki filastar. Ta ce ta yi mini bayanin duka. Abin da na tuna shi ne na ce "madalla" ban ɗago daga jarida ba.

Sai ciwon baya ya kama ni. Na ga filasta a durowarta, na manna. Ban karanta takardar ciki ba (ni da na yi jami'a, nake gyara wa mutane wasiƙa).

Filasta ta riƙa ƙarewa kafin lokaci. Ramatu ta ɗauka ita ce ke mantawa tana canzawa tun lokaci bai yi ba, sai ta fara jinkirta canjin, zafin ya dawo. "Malam," ta ce, "haka mantuwar Inna ta fara. Kaina ne ke tafiya?" Na tsorata ƙwarai, na bi ta asibiti da littafin rubutu.

Likitar, 'yar unguwar Nima ce, ta tambaya, "Hajiya, wa ke buɗe durowar da kike ajiye filastar?"

"Daga ni sai Malam."

Likitar ta ɗaga filasta guda ɗaya don in gani. A take na san irin zafin da Ramatu ke faɗa.

"Malam, ɗaga rigarka."

Ta ɓare filastar da ke bayana a hankali. "Guda nawa?"

"Shida."

"Ba za ka mutu ba. Amma kada ka ƙara."

A hanyar gida, da motar haya ta kai unguwar Kawukudi, Ramatu ta dubi waje ta taga. "Ashe kaina ƙalau," ta ce, tana share ido. Can ta juyo. "To, ya bayan?"

Na faɗi gaskiya: ya yi sauƙi. Har yau ban gane dalili ba, kuma ba ni da fuskar komawa in tambaya.

Yanzu idan ta fara magana nakan ninke jarida. Durowar kuwa ta sa mata kwaɗo.